Cokalin Jelani

Ni baduku ne a Sakkwato,
da yatsa nake gane fatar da ta sha jima
da wadda aka yi wa gaggawa,
amma shekara bakwai ina kallon ɗana
ban iya karanta shi ba.

Jelani. Ƙafafu a harɗe kamar almakashi,
hannun dama a dunƙule tun ranar suna,
harshe ya ƙi ɗaukar kalma.
In abin ya motsa sai ya sami bango da goshi,
ƙum, ƙum, har yaɓe ya zubo,
ya kafa haƙori a wuyan hannunsa,
ya yi jifa da kwano, miyar sure har kan tabarma.

Maƙwabta ba su rasa ta cewa ba.
Wani ya ce iska ce, a yi hayaƙi.
Inna Kulu ta ce sangarta ce:
"Ɗiyan yanzu mi sunka sani in ba bulala ba?"
Mun yi hayaƙin.
Bulalar ma, Allah Ya yafe mini,
sau ɗaya na ɗaga,
kallon da ya yi mini har yau yana tashe ni cikin dare.

A asibiti, ɗakin gashin ƙashi,
wata Malama Hajaru mai tabarau ɗaure da zare
ba ta ba mu ƙwaya ba, littafin rubutu ta miƙo.
"Duk sa'ad da ya yi, rubuta abin da ya faru kafin nan,
da abin da kuka yi bayan nan.
Wanda baki ya ƙi, jiki ke yi masa tafinta."
Na ce bokona bai kai ba.
Ta ce ajami ma rubutu ne.

Sai na zama magatakardan kuka.
Talata da hantsi, injin markaɗen Modi ya tashi: bango.
Laraba an ɗauke wuta, zafin bazara, fanka ta tsaya: cizo.
Alhamis, Luba ta kai masa loma baki: kwano ya tashi sama.
Juma'a, loma, kwano.
Asabar, loma...
Na ajiye alƙalami.

Ashe ba tuwon yake ƙi ba,
hannun wani yake ƙi.
Yana kallon ƙanwarsa tana ci da kanta,
shi kuwa siririn cokali na zille masa
kamar tarwaɗa a gulbin Rima.

A daren na ɗauko jar fatar akuya
da na ɓoye don jakar wani attajiri,
na naɗe ƙotar cokali, na ƙara naɗewa, na ɗinke,
har ta yi kaurin rake,
na yi mata maɗauri mai rungumar bayan hannu.

Da safe rabin kunun ya tafi a riga,
wani a kunne,
sauran ya isa inda aka aike shi.
Ya yi wata dariya mai kama da shaƙuwa.
Luba ta juya baya, wai hayaƙin murhu ne.

Modi yanzu yakan aiko yaro kafin ya ta da inji,
mu kai Jelani ɗakin ƙurya.
Cizon nan kuwa, rabinsa wani ruɓaɓɓen turmi ne
da babu wanda ya leƙa bakinsa ya gani.
Na zana moɗa a kwali, da tabarma, da ƙofa.
Wata biyu yana tauna kwalin.
Ranar wata Lahadi ya mari moɗar,
ya dube ni.
Ban taɓa gudu zuwa randa haka ba.

Kada in cika baki.
Jiya ma ya cije ni, ga shatin a damtse.
Na buɗe littafin, na duba kafin, na duba bayan,
ban sami komai ba.
Na bar wurin fari.

Yana barci yanzu, cokalin a ƙirjinsa,
jar fatar ta fara baƙi don riƙo.
Gobe zan auna ɗaya hannun.